Me ya sa bataliya take da tutarta, kuma don me ba a gyara tsohuwa in ta yage?

"Na kalli faretin zagayowar ranar haihuwar Sarkin Ingila a talabijin. Na ga wani ƙaramin hafsa ya ɗauko tuta yana tafe da ita a hankali tsakanin layukan sojoji, kowa ya ƙame, har shi Sarkin ya sara mata. Da na lura sai na ga ba tutar ƙasarsu da muka sani ba ce, wata ja ce mai rubuce-rubuce. Daga baya na ga hoton wata majami'a an rataye tsofaffin tutoci sun yayyage kamar tsumma, aka ce na soja ne. Wace irin tuta ce wannan? Me aka rubuta a jikinta? In tana da daraja haka, don me za a bar ta ta ruɓe? Kuma sojojinmu na Najeriya suna da irinta?"

Malam, tambaya huɗu ka haɗa, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Tutar da ka gani ta bataliya ɗaya ce tak, da sunan Sarki aka damƙa mata ita, kuma rubutun da ke jikinta sunayen wuraren da rundunar ta yi yaƙi ne. Kusan duk wata ƙa'ida da ake bi a kanta yau, komai kamarta da tsirfa, ta samo asali ne daga lokacin da tutar take kayan aiki a fagen fama. In ka gane aikinta na da, sauran al'adun za su warware maka da kansu.

Aikinta na asali

A ƙarni na 17 da na 18 soja yana yaƙi ne a tsaye cikin layi, kafaɗa da kafaɗa, da bindiga mai cin albarushi. Da an yi harbi biyu ko uku hayaƙi ya turnuƙe fili, muryar kwamanda ba ta wuce mutum goma. In layi ya karye, abin da soja zai ɗaga kai ya nema shi ne tutar bataliyarsa, ya koma gindinta a sake jeruwa. Shi ya sa ake yin ta ƙatuwa, kusan mita 2 a kowane gefe, a kan sanda mai tsinin mashi. Shi ya sa kuma da yamma, kafin a kai ta masauki, ake zagayawa da ita layi-layi a hankali, don kurtun da ya zo jiya ya san tasu ya bambanta ta da ta maƙwabta. Faretin da ka kalla wannan zagayen ne aka mayar biki.

Da can kowane kamfani, wato ƙaramin rukunin sojoji a cikin bataliya, yana da tasa, kanar kuma yakan liƙa tambarin gidansu tun da shi ya tara mutanen da kuɗinsa. Ƙa'idar 1747 da dokar sarki ta 1751 suka tsayar da abin a kan tuta biyu ga kowace bataliya, aka hana kanar sa tambarinsa. Ma'anar a fili take: runduna ta Sarki ce, kanar riƙo aka ba shi.

Masu ɗaukar ta su ne hafsoshi mafi ƙanƙanta, wani lokaci yaro ɗan shekara 16 ko 17, kuma a kansu abokan gaba suke fara sauke wuta, don wanda ya ƙwace tuta ya karya zuciyar bataliya duka. A 1813 aka ƙirƙiro muƙamin sajan tuta, aka riƙa zaɓo gogaggun sajoji su tsaya gefen yaron. Wanda ya karanta labarin yaƙin Mu'uta, yadda tuta ta bar hannun Zaidu ta koma na Ja'afar, daga nan Abdullahi ɗan Rawaha, sannan Khalid, ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da faɗuwar tuta take nufi ga mayaƙa.

Abubuwa biyu a Afirka ta Kudu suka kawo ƙarshen fita da ita yaƙi. Ranar 22 ga Janairu 1879 Zulu suka murƙushe sojojin Ingila a Isandlwana. Laftanar Melvill ya fita da tutar Sarauniya, babba a cikin tutoci biyun, ta bataliya ta ɗaya ta rejimanti ta 24 (rejimanti runduna ce mai bataliya ɗaya ko fiye) a kan doki, Laftanar Coghill ya taimaka masa a kogin Buffalo, ruwa ya ƙwace tutar, su biyun aka kashe su a gaɓa. Bayan kwanaki aka tsinci tutar a cikin kogin. Yanzu tana babbar majami'ar Brecon a Wales. Shekara biyu bayan haka, ranar 28 ga Janairu 1881, rejimanti ta 58 ta hau tudun Laing's Nek da tutocinta a buɗe, 'yan Boer, Turawan manoma na yankin, masu iya saiti suka yi ta ɗauke masu riƙe da su. Wannan ne karo na ƙarshe da wata bataliyar Ingila ta shiga yaƙi da tuta. Bindiga ta riga ta yi nisan zango, albarushi mai hayaƙi yana kan hanyar ƙarewa, tuta ta zama abin nuna wa maharbi inda hafsa yake.

Abin da ke jikinta

Ta farko a daraja ita ce tutar Sarki, ko ta Sarauniya in mace ke mulki. A bataliyoyin sojan ƙasa na yau da kullum ita ce tutar ƙasa, da kambi da sunan rejimanti a tsakiya. Ta biyu ita ce tutar rejimanti, launinta yana bin launin da ke wuya da bakin hannun rigar bikinsu, shuɗi mai duhu ga masu laƙabin sarauta, wasu kore, wasu rawaya. A tsakiya tambarinsu ne cikin zoben furanni, lambar bataliya kuma a kusurwar sama kusa da sanda.

Dakarun tsaron fada, waɗanda ka gani da dogayen baƙaƙen huluna, su nasu a juye yake. Tutar Sarki a wurinsu ita ce jar alharinin nan, tutar rejimanti kuma ita ce mai zanen tutar ƙasa. To jar da ka gani tutar Sarki ce ta bataliyar da aka zaɓa a shekarar.

Girmanta a yau ƙafa 3 da inci 9 a tsawo, ƙafa 3 a faɗi, wato kimanin santimita 114 da 91, ban da gezar zinare ta kamar inci 2 da ta kewaye ta. Sandar ƙafa 8 da inci 7 da rabi ce har da kanta, inda aka ɗora kambi da zaki na tagulla mai ruwan zinare a madadin tsinin mashi na da. Igiya biyu masu tuntu suna reto daga ƙarƙashin kambin. Alharini ne, ɗinkin hannu da zaren alharini da na zinare, kuma aikin yana cin watanni. Ba telan bariki ke zana ta ba. Akwai jami'i na musamman a ofishin tambura na Landan, muƙamin da aka kafa tun 1806, shi ke duba zane kafin Sarki ya amince.

Sunayen yaƙe-yaƙe su ne zuciyar abin. Ana ɗinka kowanne a cikin ɗan ƙyalle mai kamar naɗaɗɗiyar takarda. Bataliya ba ta da ikon rubuta wa kanta suna don kawai ta je wurin. Kwamiti ne ke bin takardu ya tabbatar ta yi faɗa a can, sannan a ba ta izini. Yaƙin duniya na ɗaya ya kawo matsala, don wata rejimantin ta tara sunaye masu yawan gaske, yadi kuma ba zai ɗauka ba. Aka yanke cewa kowace ta zaɓi 10 daga na ɗaya, daga baya 10 daga na biyu, a sa su a tutar Sarki, sauran yaƙe-yaƙe su zauna a tutar rejimanti. In aka haɗe rejimanti biyu ko uku, wanda ya faru sau da yawa tun 1881, sai an zauna an yi ciniki a kan sunan da zai shiga da wanda za a bari, kuma a nan tsofaffin sojoji suka fi tayar da jijiyar wuya.

Ba kowa ke da ita ba. Sojojin igwa ba su da tuta, igwarsu ake ba wannan girman a fareti. Rejimantocin maharba masu koren kaya, da yake aikinsu na da shi ne watsuwa cikin daji su yi harbi a ɓoye, ba su taɓa ɗaukar ta ba, sunayen yaƙinsu suna kan bajo da ɗamara. Sojojin doki, waɗanda yanzu galibi tankoki suke tuƙawa, ƙarama suke da ita, wasu mai kusurwa huɗu, wasu mai wutsiya biyu. Faransa kuwa tuta ɗaya take ba kowace rejimanti, santimita 90 kowane gefe. Amurka tana ɗaura ƙyallaye masu sunan yaƙi a kan sandar maimakon ɗinkawa a jiki.

Yadda ake miƙa sabuwa

Tuta takan yi kimanin shekara 20 zuwa 25 tana aiki. Ta dakarun fada ba ta kai haka, don kusan kullum tana waje. Ranar sauyi ana fara zagayawa da tsofaffin a karo na ƙarshe, a fitar da su daga fili da maci a hankali, bataliya tana gaisuwar bindiga. Sai a jeru a gefe uku, a bar gefe ɗaya a buɗe. Masu ganga su fito su jera gangunansu a tsakiya, wasu a kan wasu, su zama kamar teburi. A zare sababbin tutocin daga kubensu a jingina su a kan gangunan. Limaman soja su yi addu'ar keɓe su. Babban manjo ya ɗauki tutar Sarki ya miƙa wa mai bayarwa, shi kuma ya sa ta a ɗamarar babban laftanar, wanda ya durƙusa a kan gwiwar dama. Manjo na biyu ya yi haka da tutar rejimanti ga ƙaramin laftanar. A yi jawabi, kwamanda ya mayar da godiya, sannan tutocin su shiga layi da maci a hankali ana taken ƙasa.

Kafin addu'ar nan yadi ne kawai, ba mai sara masa. Bayanta ne take samun dukkan hakkokinta, kuma wannan addu'ar ce za ta yi hukunci a kan makomarta in ta tsufa.

Riƙo, da abin da yake ɓaci

Tawagar tuta mutum biyar ce: laftanar biyu masu anini ɗaya, samanja ɗaya, saje biyu da bindiga da banati a kafe. Tutar Sarki tana dama. Ba ta fita ba tare da masu bindiga ba ko da daga ɗakin hafsoshi zuwa filin fareti ne. In tana cikin kubenta na fata mai hular tagulla ba a sara mata. Da an zare ta, duk mai kaki da ta gifta ya sara.

Ɗamara ce mai faɗi take saukowa daga kafaɗar hagu, da ɗan kofi a gaba inda gindin sanda ke zama. Hannun dama yana riƙe sanda daidai baki, gwiwar hannu a ɗage, yatsu sun kama gefen yadin. Lokacin gaisuwa ake sakin yadin ya kaɗa. Sunkuyar da ita har ƙasa kuwa sai ga Sarki da 'yan kaɗan da doka ta lissafa: a zagayo da sandar ta dama a hankali yadda yadin zai shimfiɗu, kan sandar ya sauka, a yi daidai da tsawon taken. In ƙasa jiƙe take ko taɓo ne, sai a tsayar da sandar a kwance a iska, a tattare yadin kada ya taɓa.

Kurakuran sababbin hannu sanannu ne. In kofin ɗamara ya yi ƙasa da yawa, nauyin duka ya koma kan wuyan hannu, kafin rabin fareti sandar ta fara karkata. In aka saki yadi ba a duba inda iska take kaɗawa ba, sai ya naɗe fuskar mai riƙo, ga shi ba shi da izinin sa hannun hagu yadda ya ga dama. Kamo ta bayan gaisuwa sai an yi ta gwadawa da tutar atisaye mai nauyi iri ɗaya. Kambin kan sanda yana yawan karo da saman ƙofa da reshen bishiya, don mai riƙo yana manta akwai kusan mita guda a saman kansa. Mai tsayuwa ya ƙulle gwiwa a rana, ba karin kumallo, shi ne yake zubewa.

Ɓarnar da ta fi tsada ba a fili take faruwa ba. A dawo daga fareti cikin yayyafi a cusa tuta a kube da danshinta: fumfuna ta kama, jan launi ya zuba cikin fari, zaren zinare ya dushe. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa ta a inuwa ta bushe sarai tukuna. Ba a wanke ta, ba a sa mata dutsen guga, ba a taɓa ɗinkin da hannu mai gumi, shi ya sa ake sa farin safar hannu. Naɗe ta ake yi a jikin sanda, don ninki a wuri ɗaya yana karya alharini. A ajiye ta kusa da taga kuwa, rana za ta cinye launin cikin 'yan shekaru.

Faretin da ka kalla

Ana yin sa a filin Horse Guards a Landan cikin watan Yuni. Tun 1748 aka danganta shi da ranar haihuwar mai mulki. Sojoji fiye da 1,400, dawakai kimanin 200 da 'yan badujala kimanin 400 suke fita. Rejimantocin tsaron fada biyar ne, Grenadier, Coldstream, Scots, Irish da Welsh, kuma tuta ɗaya ake zagayawa da ita kowace shekara. A 2023, faretin farko na Sarki Charles a kan gado, ta Welsh ce.

In ka sake kallo, ka sa ido a wurin karɓar tutar. Tana hannun wani saje da masu gadi biyu a gefen fili. Mai ganga ɗaya ya ware ya buga kira. Babban samanja ya miƙa sandarsa, ya zare takobi, abin da ba ya yi a sauran faretai, ya karɓi tutar da hannun hagu. Laftanar ya sara mata da takobi, ya mayar da shi kube, ya karɓe ta. A daidai lokacin da 'yan rakiya suke gaisuwa, mutum huɗu da ke kusurwoyi sukan juya waje da bindigoginsu a shirye. Kowa hankalinsa yana kan tuta, to dole wani ya duba baya. Ba wani maƙiyi a tsakiyar Landan, amma ba a cire wannan motsin ba.

Wasu rejimantocin suna da ranakunsu. Waɗanda suka yi yaƙin Minden a ranar 1 ga Agusta 1759 suna ƙawata tuta da furen wardi duk shekara a ranar. Magadan rejimanti ta 62 suna damƙa tutoci a hannun sajoji a ranar tunawa da Ferozeshah, yaƙin Disamba 1845 a Indiya, inda hafsoshi suka ƙare har sajoji suka fito da su.

Don me ake barin ta ta ruɓe

Tun da an keɓe ta da addu'a, ba a sayar da ita, ba a ba wani kyauta, ba a jefar da ita. Ana kai ta majami'ar garin da rejimanti take ɗibar mutane, ko wani ginin hukuma, da fareti na ƙarshe, kwamanda ya damƙa ta a hannun limamin wurin. A rataye ta a sama, sandar a kwance. Daga ranar ba ta sake fita fareti. Al'adar ita ce a bar ta ta ƙare da kanta, yadda sojan da ya yi aiki a ƙarƙashinta ya tsufa ya tafi. In ta kai ba a gane komai a jikinta, sai a sauke abin da ya rage a binne a harabar majami'a ba tare da alama ba. Abin da aka yarda da shi shi ne a ɗinke ta tsakanin raga mai laushi don kada gutsattsari su riƙa zubowa.

Masu adana kayan tarihi ba su jin daɗin wannan, kuma suna da hujja: tutar da ta ga yaƙi shekara 200 da suka wuce shaida ce da ba ta da madadi. Shi ya sa wasu suka ƙare a gidajen tarihi, a kwance cikin gilashi, da haske kaɗan. A ganina tutar da ta shiga wuta da gaske, kafin 1881, ta cancanci gilashi. Ta bayan nan, wadda fareti kawai ta sani kuma akwai zanenta a ajiye, ba asarar da za a yi in an bar ta ta bi al'ada.

Namu

Suna da ita, kuma daga can aka gaje ta. Tushen sojan Najeriya yana komawa ga 'yan Hausar da hafsan Ingila John Glover ya tara a Legas a 1863, sai rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a ƙarshen ƙarni na 19, sai rejimantin Najeriya a 1914, wadda aka laƙaba wa sunan Sarauniya a 1956 da ta kawo ziyara. Sunayen yaƙin da aka ba wannan runduna sun haɗa da Duala, Garua da Banyo a Kamaru, da Kaladan da Myohaung a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Ka san wasu daga cikinsu ko ba ka taɓa ganin tutar ba: barikin Myohaung da na Arakan a Legas, barikin Chindit a Zariya, barikin Kaladan a Tamale ta Ghana. Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu lambobin rundunonin da suka je Bama suke ɗauke da su.

Bayan an zama jamhuriya tutar ƙasa mai kore da fari ta maye gurbin tutar Sarauniya, tutar rejimanti tana gefenta, Shugaban Ƙasa ne mai bayarwa a matsayinsa na babban kwamandan askarawa. A watan Afrilu 2023 Shugaba Buhari ya miƙa sababbin tutoci 81 ga rundunonin sojan ƙasa a dandalin Eagle da ke Abuja, aka yi wa tsofaffi ritaya. Tsarin faretin, tawagar rakiya da gaisuwar duk za ka gane su in ka kalli na Landan. Kuma ba wa mutum tuta a matsayin izinin jagorantar mayaƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, don haka Shehu Usmanu ya yi da Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi da sauransu. "Nasrun minallah" da ke rubuce da harafin Larabci a tambarin sojan ƙasa har yau yana nan.

Awo da lissafin da na kawo a sama na sojan ƙasa na Ingila ne. Kowace ƙasa tana da littafin bikinta, kowace rejimanti kuma tana da 'yan al'adunta, don haka wanda aka sa a tawagar tuta ya bi abin da babban samanjansa ya koya masa. Hukuncin sara wa tuta a addini kuwa fagen malamai ne. Abin da soja yake nufi da shi girmama hukuma ne da waɗanda suka mutu a bakin aiki. In kai farar hula ne a wurin fareti, tuta a buɗe ta zo wucewa ta gabanka, ka miƙe tsaye, ka yi shiru har ta gifta, kada kuma ka ratsa tsakaninta da masu rakiyarta don ɗaukar hoto.